Nauyin 'Yata ta Fari

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma duk abbatuwar Oko-Oba, babbar mayankar Legas, an san ni da abu guda: hannuna ba ya kuskuren awo. In ka ce in yanko maka kilo biyu, zan yanka, in ɗaga, in ɗan jinjina, in miƙa maka. Ka je ka ɗora a sikeli in kana da lokacin ɓatawa. Matan Yarabawa masu sayar da abinci har ƙawayensu suke janyowa don su gwada ni, ni kuwa in yi ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro nama. Baffana ne ya koya mini, ƙanin mahaifina, wanda ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ina saurayi ya kawo ni Legas. Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili, kuma har na yi aure ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba.

Na faɗi wannan da farko ne saboda hannun nan da nake taƙama da shi, shi ne ya hana ni sukuni shekara uku.

Matata 'yar garinmu ce. Na kawo ta unguwar Agege, ɗaki guda a gidan haya irin wanda ƙofofi ke kallon juna, mu goma sha wani abu muna layin banɗaki ɗaya. Ba ta daɗe ba ta samu ciki. Zumuɗi ya sa tun cikin yana wata bakwai na sayo ragon suna na ɗaure a bayan gida, matar mai gidan tana ta mita wai yana cinye mata shanya. Ita kuma matata ta sayi turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta raba shi zani uku na goyo, ta ninke a akwati. Kullum sai ta fito da su ta duba ta mayar, in ce mata ko tana tsoron za su gudu ne.

Ranar wata Talata ce cikin damina. Bayan na dawo sallar asuba ina haɗa wuƙaƙena, ta ce mini, “Malam, tun jiya fa ban ji motsi ba.”

Na ce, “Barci yake yi, ubansa ya gado.”

Ta yi murmushin yaƙe, ni kuma na fita, don ranar shanu biyu za mu kayar. Da hantsi maƙwabciyarmu ta kira ni a waya tana magana sama-sama, wai jini ya ɓalle wa matata sun kai ta asibitin da take awo. Na kira Baffa, muka hau danfo, motar hayar Legas, tare da abokan sana'ata biyu. Hanya ta cushe. Kafin mu isa har an shiga da ita ɗakin tiyata.

Mun fi awa a baranda. Can sai likita ya fito ya ce uwar za ta rayu, amma abin da ke cikin ya riga ya koma tun kafin su buɗe. Baffa ya yi salati, sauran suka amsa. Ni ma bakina ya motsa, amma ban san me na ce ba.

Bayansa wata nas ta fito, dattijuwar Bayarabiya mai tabarau, ɗauke da abu a naɗe cikin shuɗin zanin nan mai ganye. Ta zo gabana ta tsaya. Ta ce, “Oga, na girl. Look am small before you carry am go.” Wato mace ce, in dube ta ko sau ɗaya kafin in tafi da ita. Har ta sa yatsa a bakin zanin za ta yaye.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane abin da ya faru a nan ba. A garinmu ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya kiran sunansa, in ana zancensa sai ya kau da kai kamar na maƙwabta ne. Mahaifina bai taɓa kiran yayana da sunansa ba har ya bar duniya. To ga Baffa a gefena, kafaɗarsa tana gogar tawa, ga abokaina biyu suna kallo. Kuma akwai abin da ya fi kunyar, wanda sai daga baya na yarda da shi: na san in na ga fuskar nan zan yi kuka, irin kukan da ba ya tsayawa, a gaban mutanen da gobe zan tsaya da su muna fiɗa.

Na ce, “Bar ta, Mama. Mai abu ya karɓi abinsa.”

Ta dube ni ta saman tabaraunta, sannan ta mayar da bakin zanin ta ɗora mini a hannu.

A nan ne hannuna ya yi abin da ya saba. Ban umarce shi ba. Ina karɓa ya ɗan jinjina, kaina ya ba da amsa kamar yadda yake yi sau ɗari a yini: kilo uku, ya ɗan gaza kaɗan. Na auna 'yata kamar tsokar cinya. Na ji wani irin ƙyamar kaina da ban taɓa ji ba, na yi sauri na rungume ta a ƙirji don kada hannun ya sake.

Baffa ya ce wanda bai yi kuka ba ba a yi masa salla, ba a raɗa masa suna, suturtawa kawai ake yi, kuma jinkiri ba shi da amfani. Ya aika aka sayo yadin farin ƙyalle, ya naɗe ta a kan zanin ba tare da ya buɗe ba. Muka hau okada biyu, wato acaɓa, zuwa maƙabarta. Ina tuna mai okadan yana ta faɗa da wani direban danfo, bai san abin da na riƙe a bayansa ba. Mai haƙa ya nuna mana wani ɗan fili kusa da katanga inda ake sa jarirai. Ramin bai kai tsawon hannuna ba. Na sa ta, aka jera itace, aka tura ƙasa. Kafin a kira azahar har mun wanke hannu. Ban kafa ko tsinke a wurin ba, ban ƙirga taku nawa ne daga ƙofa ba. Sauri nake in bar wurin kafin fuskata ta tona mini asiri.

Da muka fito Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka yi ta maza, ɗan nan. Haka ake so.” Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa bai taɓa yaba mini ba sai ranar. Kuma wallahi na ji daɗin yabon. A bakin maƙabarta, da ƙasar kabarin 'yata a farcena, na ji daɗi. Duk abin da zan faɗa bayan wannan bai kai shi ba ni kunya ba.

Matata ba ta farfaɗo sosai ba sai bayan la'asar. Nas ɗin ta riga ta gaya mata. Na same ta kwance, ana ƙara mata ruwa, leɓenta ya bushe. Na yi mata sannu, na ce barka da arziki tunda Allah ya bar mana ke.

Ta ce, “Ina take?”

Na ce, “Mun kai ta.”

“Ba ku jira ni ba.”

“Ba a jira da irin wannan,” na ce, ina ɓuya a bayan maganar Baffa.

Ta rufe ido, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Sai ta buɗe ta ce, “Amma ka gan ta ko, Malam?”

Ka ga, a wurinmu mace ba ta zuwa maƙabarta. Tana cikin maye aka ciro yarinyar, tana cikin maye aka binne. Wata tara tana ɗauke da ita, amma duk abin da za ta sani game da ita a duniya sai wanda ya fito daga bakina. Na gane haka a wannan daƙiƙar, kuma na gane hannuna wayam yake.

Na ce, “Na gan ta mana.”

“Da wa take kama?”

Na ce da marigayiya surukata. Na ce hancin nan ne sak, dogo, ga gashi baƙi wuluk ya kwanta har goshi. Ban san daga ina maganar take fitowa ba. Ta yi wani ɗan murmushi cikin kuka, ta ce, “Na sani. Na ji a jikina Inna ce ta dawo.” Ta kama hannuna ta riƙe har barci ya ɗauke ta.

Ƙaryar nan ba ta tsaya a asibiti ba. Matata ta gaya wa yayyenta a waya, su suka baza a gari. Matan unguwa da ke zuwa jaje na riƙa jin su ta labule suna cewa, “Allah sarki, an ce gashi har goshi. Allah ya sa mai ceto ce.” Goggonta da ta zo daga gida don yi mata wankan jego ta tare ni a tsakar gida tana share hawaye, wai in sake faɗa mata yadda hancin yake. Na sake faɗa. Ragon kuwa da kaina na kwance shi washegari na mayar kasuwar kara, don ba zan iya jin kukansa ba, na ce wa mutane matar mai gida ce ta matsa.

Ni ba wanda ya yi mini jaje irin wanda ake zama. Maza sukan miƙo hannu su ce, “Ya mai jiki? Allah ya ba da rayayye,” in ce amin, a koma zancen tsadar shanu. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na yi wa wasu. Kwana biyu na koma aiki, ana ta nuna ni ana cewa a yi koyi da tawakkalina.

Abin da ba su sani ba shi ne hannuna ya zama abokin gabata. Duk wanda ya ce kilo uku sai gabana ya faɗi. Sai in yanka biyu in sa a leda, in yanka ɗaya in sa a wata ledar, in ce don sauƙin ɗauka ne. Daga baya na sayi sikeli, ni da nake yi wa masu sikeli dariya. Abokaina suka samu abin tsokana, wai oga ya tsufa, hannu ya mutu. Na riƙa taya su dariya. Wata rana aka yanka saniya ashe da ciki, aka ciro ɗan tayin aka yar a gefen kwalbati kamar yadda ake yi kullum. Na sha ganin haka tun ina saurayi ban taɓa waiwayawa ba. Ranar na ajiye wuƙa na zaga bayan katanga inda ake shanya fatu, na tsuguna, na yi ta kuka da hula a bakina. Da na dawo na ce zazzaɓi ne, wani har ya ba ni magani, na haɗiye a gabansa.

A gida kuma matata ba ta daina tambaya ba. Ba kullum ba. Sai an yi wata biyu, tana tsintar shinkafa ko tana ninke kaya, ta ce, “Malam, kunnenta fa? Irin naka ne ko nawa?” In ce irin nata. “Yatsunta dogaye ne?” In ce dogaye. Ta riƙa tara waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya tana adanawa, ni kuma ina ƙera su a tsaye, ina addu'a kada in manta abin da na faɗa a baya. Akwai ranar da na daka mata tsawa, na ce ta bar tone-tonen abin da Allah ya riga ya rufe, ko ta fi sauran matan da suka yi rashi ne. Sai ta ba ni haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri, ka ji fa.

Sau ɗaya na koma maƙabartar ni kaɗai, bayan kamar shekara. Na bi jikin katanga na rasa gane komai. Ruwan Legas ya baje ƙasar, sababbin ƙananan kaburbura sun cika wurin. Mai haƙan ya tambaye ni wace alama na sa. Na ce ban sa ba. Ya ce to sai dai in yi addu'a daga inda nake tsaye, duk za ta isa.

Shekara uku bayan rashin nan Allah ya sake ba mu haihuwa, mace, da ranta da kukanta mai ƙarfi. Wannan karon Baffa ya koma gida saboda ciwon ƙafa, kuma ko yana nan ba na jin zan kula. Kwana biyu bayan suna, da rana, baƙi sun watse, matata ta miƙo mini jaririyar ta ce in riƙe mata za ta sha kunu. Na zauna a bakin gado na zuba mata ido. Ban taɓa kallon jariri haka ba. Ashe har gira suke da ita, siririya. Ashe akwai wani ɗan ƙulli a leɓen sama. Ashe farce yake da su, ƙanana kamar ɓawon gero. Duk waɗannan 'yata ta fari tana da su, suna nan a ƙarƙashin zani, tazarar yatsa ɗaya daga idona, na ce a bar su.

Matata ta ajiye kofin ta ce, cikin fara'a, “Malam, ita da yayarta wa ya fi gashi?”

Na buɗe baki in yi abin da na saba, maganar ta ƙi fita. Na ce, “Ban sani ba.”

“Ka manta?”

“Ban gan ta ba. Nas ta ce in duba, na ƙi. Baffa yana wurin, na ji kunya, na ji tsoro. Hancin da gashin da kunnen, duk ni na ƙaga.”

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar daga wurina a hankali, ta juya fuskarta bango ta ba ta nono. Na zauna ina jiran zagi, bai zo ba. Na tashi na fita.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Abincina yana nan a rufe a kan lokaci, ruwan wankana yana nan. Na lura ta daina ce wa jaririyar “ƙanwar mai gashi” kamar yadda ta fara. Ta rasa 'yar nan sau biyu ke nan, na ce a raina, na farko Allah ne ya karɓa, na biyun ni ne.

Rana ta goma Juma'a ce. Na dawo masallaci na same ta zaune a tabarma, jaririyar tana barci. Ba ta ɗago ba ta ce, “Zauna, Malam.” Na zauna.

Ta ce, “Kabarin fa? Ka san inda yake?”

Na ce na nema ban gane ba.

Ta gyaɗa kai kamar dama ta zata. Ta ce, “To ina so ka ba ni abu ɗaya nata wanda yake gaskiya. Ko ɗaya ne. Kai ka ɗauke ta daga asibiti har rami. Ba zai yiwu a ce ba ka san komai ba.”

Abu ɗayan da nake da shi shi ne wanda na fi ɓoyewa, wanda na yi rantsuwa ba mahaluƙin da zai ji. Yaya zan gaya wa uwa cewa na auna 'yarta kamar nama? Amma ba ni da wani. Na ce, “Na san nauyinta. Da aka ɗora mini ita hannuna ya auna, ban so ba. Kilo uku, ya ɗan gaza kaɗan. Ki yafe mini.”

Na zaci za ta tsine mini. Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwana goma. Ta ce, “Har yanzu hannunka yana tunawa?”

Na ce, “Ko yau.”

Ta tashi ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Daga can ƙasa ta zaro zani shuɗi mai ganye, ɗaya daga cikin biyun da suka rage. Ban san tana ajiye da su ba, don ba ta goyi sabuwar da su ba. Ta ce in buɗe hannuwana, ta shimfiɗa zanin a kai. Ta jawo buhun shinkafarmu da babban gwangwanin awo, ta fara zubawa.

Ta zuba ɗaya, ta dube ni. Na ce, “Ƙara.” Ta zuba na biyu. “Ƙara.” Na uku. Na ɗan jinjina, na ce, “Saura.” Ta ɗebo da tafin hannu tana zubawa kaɗan-kaɗan, idonta a fuskata. Can na ji shi. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da yake yi a abbatuwa, barandar asibitin ta dawo mini har da warin maganinta. Na ce, “Tsaya. Rage kaɗan.” Ta tsinci 'yan ƙwayoyi ta mayar buhu. Na ce, “Ita ce.”

Ta tattara bakin zanin ta ƙulle, ta naɗe sauran a jiki. Sannan ta sa hannu biyu ta karɓa daga wurina, ɗaya a ƙasa ɗaya ta wajen kai, yadda ake karɓar jariri. Ta zauna ta ɗora a ƙirjinta, tana ɗan jijjigawa. A waje matar mai gida tana faɗa da mai ruwa, rediyon wani yana ta surutu. Ni kuwa ina durƙushe a gabanta ina kuka, ba hula a bakina, ba katangar da zan zaga.

Ta daɗe a haka, kumatunta a jikin zanin. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ashe ba ƙarama ba ce, Malam. Ashe na ciyar da ita.”